Kwalbar da Ukasha Bai Kai Ga Aunawa Ba

Kai mai karanta wannan takarda, ina gargaɗinka tun daga farko. Idan niyyarka ka leƙa layi biyu, ka ce Allah ya jiƙansa, ka wuce, to ajiye ta yanzu. Addu'a ina so, amma ba ita kaɗai ta zaunar da ni rubutu ba. Akwai roƙo a cikin takardar nan, kuma roƙon yana da wa'adi. Ku kuma masu yawo da maganar cewa hasken nukiliya na wurin aikinsa ne ya ci shi, ku ji tsoron Allah. Sanƙarau ne, takardar likita tana hannuna. Wanda bai sani ba ya kama bakinsa.

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris na 2014, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ɗana Ukasha Harun a wani asibiti da ke Madinat Nasr a Alƙahira, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararsa ashirin da tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Washegari aka yi masa salla a masallacin layinmu a unguwar Hayyin Ashir, aka kai shi maƙabartar bayan gari inda mahaifinsa yake kwance shekara shida ke nan.

Ukasha. Ka ga na rubuta. Kai ne ɗan farina, kuma ni 'yar Azare ce, an rene ni a kan cewa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da tara ina ce maka "kai" ko "yaron nan". Maƙwabtanmu Misirawa sun sha mamaki, wata har ta tambaye ni ko ɗan riƙo ne. Yau dole na rubuta sunan cikakke, domin da shi za a nemo abin da zan roƙa.

Kana da shekara bakwai muka zo Alƙahira, mahaifinka ya zo karatu, aikin fassara ya riƙe shi, muka zauna. Ban sangarta ka ba, kowa shaida ne. Ranar da ka dawo daga makaranta da fensirin da ba naka ba, da ƙafa na mayar da kai har ƙofar gidan su yaron, na tsaya a bayanka ka faɗa da bakinka. Ranar da malami ya yi kuskure ya ba ka makin da ba ka ci ba, ni na sa ka koma ka nuna masa. Ka yi kuka a hanya, na ce ka share fuska, ƙarya ba ta kwana a gidana. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san wace irin uwa ce ta aikata abin da zan bayyana.

Alherinka ba sai na ƙirƙira ba. Tsohuwar nan 'yar Sudan da ke hawa na biyar a gininmu, tun da ƙafarta ta lalace ba ta ƙara tunanin tukunyar gas ba, kai kake saɓa ta a kafaɗa ka hau da ita, ka ɗaura, ka shafa ruwan sabulu a bakin ka tabbatar ba ta yoyo. Ɗaliban da suke sauka daga gida ba su san ko'ina ba, kai kake kwasarsu zuwa layin iƙama, wato takardar izinin zama, ka cike musu takardu, ka koya musu yadda ake tsayar da mikrobas, ƙaramar motar haya, da hannu. Lokacin da gari ya rikice a 2011 burodi ya yi wuya, kai ka riƙa tsayawa a layi tun safe, ka dawo ka bi ƙofa ƙofa kana rabawa. Ban taɓa ce maka sannu ba. Abin da nake cewa shi ne, "Ka daɗe."

Da ka zaɓi fiziks maimakon shari'a irin ta mahaifinka, na yi fushi wata biyu. Da ka fara digiri na uku na tambaye ka me kake bincike a kai, ka ce ruwan gishiri. Ƙanwarka Fiddausi ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Yaya, duk wannan gashin da ya zube maka a kan ruwan gishiri ne? Zo kicin in ba ka digirin kyauta."

Ka ce, "Ke miyarki ma ba ta san gishiri ba, ina ke ina ba da digiri."

Daga baya ka zaunar da ni ka yi mini bayani, kuma na riƙe, domin na yi sakandare, kaina ba dutse ba ne. Ka ce ruwa ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kana son sanin yadda suke jeruwa su kewaye ƙwayar gishiri, nawa ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu. Ka ce a wata cibiya da ke bayan gari akwai na'urar nukiliya ta bincike mai fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira niyutiron. Ana zuba ruwan a 'yar siririyar kwalbar gilashi kamar yatsa, a harba mata niyutiron ɗin, su bugi ƙwayoyin su watse, a ƙirga ta ina suka fi fita. Daga ƙirgen ake gane zaman ƙwayoyin. Amma ka ce ƙirgen farko ba a yarda da shi, domin niyutiron ba ruwan kaɗai suke bugu ba. Suna bugun gilashin kwalbar, wasu gilashin ya shanye su, wasu su yi karo sau biyu kafin su fito. Don haka rabin aikinka gyara ne: a auna kwalbar babu komai a ciki, a cire nata, abin da ya rage shi ne na ruwan.

Na ce, "Ai wannan aikina ne."

Domin tun rasuwar mahaifinka da dambun nama da yaji nake riƙe gidan nan, ɗalibai suna saye. Kullum sai na fara ɗora kwano a sikeli babu komai, in cire nauyinsa, sannan in zuba dambu. Ka yi murmushi ka ce, "Shi ke nan, Umma, kin gama shekarar farko."

Yanzu ga abin da ya faru.

A watan Satumba na bara, ana cikin dokar hana fita, saura sati biyar a yi munaƙasha, wato zaman kare kundinka, ka same ni a kicin bayan azahar ina awo. Ka tsaya a bakin ƙofa. Sannan ka ce ka gano kuskure. Ranar da za ka yi babban awonka, kwalba mai lamba huɗu ta tsage a baki, sai ka zuba ruwan a mai lamba bakwai. Ka rubuta hakan a gefen littafinka, amma da ka zo lissafi bayan watanni ka manta, ka cire awon ta huɗun da ka riga ka yi. Ita kuwa ta bakwai gilashinta ya ɗan fi kauri. Ka ce akwai wani ɗan tudu a zanen sakamakonka wanda kowa yake yabo, wanda aka ɗauka sabon abu ne game da zaman ƙwayoyin ruwa. Ka ce kana tsoron tudun nan ba ruwa ba ne, ragowar gilashi ne.

Na ce, "Sai ka sake aunawa."

Ka ce, "Ba a shiga na'urar yadda aka ga dama, Umma. Layi ake bi. Idan na nema yau, sai wajen Afrilu. Dole a ɗage munaƙasha."

Ina so mai karatu ya san halin da nake ciki, ba don ya wanke ni ba. A watan Agusta harbe-harbe ya rutsa da Fiddausi a hanyar dawowa daga makaranta, ta yini a ɓoye a shagon wani mai guga, ni kuma ina tsaye a taga har ƙafafuna suka kumbura. Tun ranar na ƙudurta barin ƙasar nan da 'ya'yana. Wata jami'a a gida ta ba ka aikin koyarwa, da sharaɗin ka iso da takardarka a Janairu. Ƙofar fitarmu ke nan, ita kaɗai nake gani.

Na ce, "Wa ya sani ban da kai?"

Ka ce, "Mahasin, abokiyar karatuna. Ita ta taya ni duba littafin."

"Malaminka fa?"

"Ban faɗa masa ba tukuna. Ke na fara zuwa wa."

Na ce, "To khalas, shi ke nan. Ba za ka faɗa ba."

Ka dube ni. Ka ce, "Umma, kamar ki auna dambu a wannan kwanon ne, ki cire nauyin wancan."

Na ce, "Kada ka karanta mini abin da ni na koya maka. Idan ni na haife ka, za ka tsaya munaƙasha ranar da aka sa, ka rufe bakinka, ka fitar da mu daga garin nan."

Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, tamam, Umma."

Ba zan ce ban fahimta ba. Da ma a ce ban fahimta ba. Kwanon yana hannuna lokacin da nake maganar. Na san abin da nake umartar ka da shi sarai, kuma na san ba za ka iya tsallake waccan kalmar ba, shi ya sa na zaɓe ta.

Aka yi munaƙasha a Oktoba, aka tafa maka, aka ce Duktur Ukasha. Na dafa shinkafa na raba wa layi. A hotunan ranar kowa yana dariya, kai kaɗai ne kamar wanda ake jira a waje. Malaminka, da zuciya ɗaya, ya aika sakamakon zuwa wata mujallar kimiyya a Turai, suka buga a Fabrairu da sunanka a sama.

A Disamba ka ce mini jami'ar ta ɗaga maka zuwa ƙarshen Afrilu, akwai abin da ya rage maka a nan. Wasiƙa ɗaya ka rubuta musu suka yarda. Wato abin da na firgita a kansa har na tura ka cikin ƙarya, wasiƙa ɗaya ce maganinsa. Ban tsaya na ga haka ba a lokacin. Faɗa na yi, na ce ka fi son Masar da uwarka. Ban tambaye ka mene ne ya rage ba, domin na sani, kuma ba na son ji.

Kwana huɗun da ka yi a asibiti ina zaune a gefenka. Ranar farko kana magana. Na yi ta jira ka taɓo zancen, ko da da kalma ɗaya ce, in samu hanyar cewa na yi kuskure. Ba ka taɓo ba. Ka ce a kawo maka kunun gyaɗa, ka ce a gaya wa tsohuwar hawa na biyar gas ɗinta ya kusa ƙarewa. Ni kuma girman kai ya riƙe mini harshe, na ce bari ya warke. Rana ta biyu ba ka ƙara gane kowa ba.

Ranar sadakar bakwai Mahasin ta zo daga Ard al-Liwa. Bahaushiyar Sudan ce, tare kuka yi karatu, yarinya mai kamun kai. Ta jira mata suka ragu, ta kira ni Khala, wato inna, ta ce, "Akwai abin da ya kamata ki gani." Ta buɗe jakarta ta fito da littafin awonka. A ciki akwai takarda mai hatimi: an ba ka yini ɗaya a kan na'urar, ranar Lahadi shida ga Afrilu, don auna kwalba mai lamba bakwai babu komai a ciki. Kwanan watan da ka nema yana jiki. Washegarin ranar da muka yi magana a kicin ne.

A bayanta akwai wasiƙar da ka shirya wa mujallar, da Turanci. Ban bari ta karanta mini ba, na ɗauko ƙamus na bi ta da kaina. Ka bayyana musu yadda aka yi, ka bar gurbi uku babu komai inda sababbin lambobi za su shiga. A layin ƙarshe ka ce kuskuren naka ne kai kaɗai, haka ma jinkirin bayyana shi. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin ina neman inda ka ambace ni. Babu.

Mahasin ta ce wani mai bincike daga wata ƙasa ya riga ya rubuto maka yana tambaya a kan tudun, yana so ya ɗora aikin ɗalibinsa a kai. Wato abin ya fara tafiya. Ɗan wata zai ɓata shekarunsa yana neman abin da wataƙila babu shi. Mun san ilimi mai amfani yana bin mutum kabari. Ni abin da ya hana ni sukuni shi ne, wanda ba daidai ba fa, wanda mai shi ya sani ya yi shiru? Na tambayi malamai biyu. Sun ce niyyar gyara da ya yi tana wurin Allah, in kwantar da hankalina. Na gode musu. Hankalina bai kwanta ba. Da na bar shi, da ya rasu ba duktur ba, hannunsa fes. Ni na sa masa rigar, ni na sa masa dattin.

Na ce wa Mahasin ta je ta auna. Ta ce ta iya aikin tsaf, lissafin ma za ta ƙarasa cikin sati, amma katinta na shiga cibiyar ya ƙare tun da ta gama digirinta, kuma sabunta wa baƙo yana cin watanni. Malaminka yanzu ya tafi aiki wata ƙasar Larabawa. Ya aiko da ta'aziyya mai kyau, na rubuta masa komai ban ɓoye nawa ba, ya amsa cewa ya girgiza, kuma insha Allah zai duba idan ya dawo a Yuli. Yuli ya yi nisa. Kwalbar tana cikin durowarka a ɗakin gwaji, kuma a ƙarshen Afrilu za a kwashe durowar a ba sabon ɗalibi. Lambar kuwa da alƙalami aka rubuta ta a jikin 'yar takarda. Idan aka wanke ta aka haɗa da sauran, ba wanda zai ƙara sanin wacce ce ta bakwai.

Ranar Talatar da ta wuce na ɗauki Fiddausi muka shiga mikrobas biyu zuwa cibiyar. A ƙofa mai gadi ya tare mu.

Ya ce, "Mamnu', ba a shiga, ya hajja. Wa kike nema?"

Na ce, "Kwalba nake nema."

Ya dubi Fiddausi, ya ɗauka na taɓu. Ta yi masa bayani da Larabcinta da ya fi nawa. Da ya ji sunan sai ya cire hularsa. Ya ce, "Dogon nan mai gaishe mu ɗaya bayan ɗaya? La ilaha illallah." Ya kawo mini kujera, ya kawo shayi, ya buga waya ciki. Aka ce shugaban sashen ba ya nan, a rubuto takarda. Ya ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri, ya ummi, wallahi ba a hannuna yake ba." Na san gaskiya ya faɗa, aikinsa yake yi. Na zauna ina kallon ginin ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Tsakanina da durowar bai fi tafiyar minti biyar ba. Na rubuta takardar a kan gwiwata na bar masa. Har yau shiru.

Ga roƙona. Yau Alhamis, ashirin ga Maris, saura kwana goma sha bakwai. Ina neman mutum ɗaya mai katin shiga cibiyar nan, ɗalibi ko ma'aikaci, Bahaushe ko Bamisire ko kowane ne, wanda zai karɓi yinin shida ga Afrilu a madadin Ukasha Harun, ya ɗora kwalba mai lamba bakwai a na'ura babu komai a cikinta, ya miƙa wa Mahasin abin da ya fito. Idan ba ka da kati, wataƙila ka san mai shi. Wataƙila maƙwabcinka ne, ko mijin malamar 'yarka, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Idan awon ba zai yiwu ba, a taimaka a cire kwalbar daga durowa a ajiye ta da lambarta har malaminsa ya dawo. Ku ɗaliban da ya tsaya muku a layin iƙama, ban taɓa roƙon ɗayanku komai ba. Ku fassara wannan da Larabci, ku kai inda ƙafata ba ta zuwa. Gidanmu sananne ne, a tambayi bawwab, wato mai gadin gini, gidan mai dambu.

Mahasin ta ce mai yiwuwa a auna a tarar tudun na gaske ne. Mai yiwuwa kuma ya ɓace, rabin kundin ya tafi da shi, har a yi maganar digirin. Ta faɗa tana kallon ƙasa, tana tsoron abin da zan ce. Na ce in zai tafi, ya tafi. A cike gurbi ukun nan da duk abin da na'ura ta faɗa, a aika.

Ku iyaye mata 'yan uwana, musamman masu tsanani irina, ku ji. Mun iya horon yaro a kan fensir, domin fensir ba ya taɓa mu. Ranar da gaskiyar yaron za ta ci abin da muke so, ranar ake sanin ko tarbiyya muka yi ko mulki. Mutane sun cika gidana suna cewa ba su taɓa ganin mai biyayya irinsa ba. Kowane ya faɗa sai na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Ukasha, ban nemi gafararka kana ji ba. Ina nema yanzu a gaban duk wanda ya karanta. Ni na yafe maka duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ukasha. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka karɓi niyyarsa a matsayin aikin da ya kammala. Shirun da ya yi, ya Ubangiji, ka san wanda ya sa shi, kada ka tambaye shi, ni ka tambaya, kuma ka yi mini rahama idan ka tambaya. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannensa Fiddausi da Sulaimanu, ga baffanninsa da gwaggonninsa a Azare, ga malaminsa, ga Mahasin da ta riƙe amanar da ta fi ƙarfin shekarunta, da dukkan jama'armu ta Hayyin Ashir da suka ɗauke shi a kafaɗa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya bayan sallar azahar na tara Fiddausi da Sulaimanu na kafa musu doka, kuma ina rubuta ta a nan don a zama shaida a kaina. Daga yau a gidan nan, duk wanda na umarta ya rufe kuskurensa, ko da kuka nake yi, ko da na ce idan ni na haife shi, ya tashi ya bar ni a wurin ya je ya faɗi gaskiya, albarkata tana bayansa. Wanda kuwa ya bi ni ya yi shiru, ban yafe masa ba.

Kulu Abakar, mahaifiyarsa
Hayyin Ashir, Alƙahira